Yajin Aikin da Aka Yi Domin Inna Nasta

Ranar da ba na jin za ta taɓa fita raina ita ce ranar Nowel, wato Kirsimeti, ta shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai. A lokacin ni ne kuku a wani gidan misiyon na Katolika a nan Maradi. Ni Musulmi ne, ɗan Jiratawa, kuma har na bar aikin ban taɓa fasa salla don tukunya ba, su ma ba su taɓa cewa in fasa ba. Ina ba ku labarin nan ne, ku da kuka shigo aikin girki a gidajen mutane daga baya, don na ji kuna ta maganar kafa ƙungiya. Ba hana ku zan yi ba. Ku dai ji yadda tamu ta kasance.

Sai na fara yi muku bayanin al'adar gidan, in ba haka ba ba za ku gane inda rigimar ta taso ba. Duk Kiristan da aka yi wa baftisma ana ba shi sunan wani waliyyi, kuma kowane waliyyi yana da ranarsa a shekara, galibi ranar da ya mutu. A gidanmu, in ranar waliyyin wani ma'aikaci ta zagayo, ba ya taɓa aiki. Zai yi wanka ya sa kayansa masu kyau ya zauna a layin gaba a coci. In an kusa gama addu'ar da suke kira mes, sai limaminsu, wanda muke ce wa Monper, ya ba da tarihin waliyyin, ya kira sunan ma'aikacin ya miƙe tsaye, jama'a su yi masa waƙa da tafi. Ni kuma in gasa masa gato, wato kek. Shi ya sa na fi wasu Kiristocin sanin ranakun nan, don a kaina wutar take ƙarewa.

To, ashe waliyyan ma girma-girma gare su, kamar ma'aikatan gwamnati. Akwai manyan bukukuwa, irin su Nowel da Paki, wato Ista, waɗanda ba a haɗa su da kowa. Akwai na tsakiya, da dole a ambace su. Akwai kuma na can ƙasa, waɗanda in Monper ya ga dama ya tuna da su, in bai ga dama ba su jira baɗi. In aka yi rashin sa'a ranar ƙarami ta faɗa kan ta babba, to babban ya cinye ta ke nan. Kamar dai ranar da perefe, gwamnan jiha, ya shigo gari ce, ba mai tambayar yadda mai unguwa ya kwana.

Inna Nasta ita ce mai wanki da gugar gidan. Iyayenta Azna ne, masu bin addinin gargajiya, a wani ƙauye bayan Tibiri. Tun da ƙuruciya ta zo Maradi jinyar gyambo wurin matan misiyon, ƙafar ta warke ita kuma ta zauna. Ranar Nowel aka yi mata baftisma, limamin da ya yi mata kuwa bai wahalar da kansa ba, ya ba ta sunan waliyyar da ta mutu a ranar, Anastasi. Bakinmu ya kasa ɗaukar sunan duka, muka gutsure shi ya koma Nasta. Ita wannan waliyya, wai abinci da magani take kai wa Kiristocin da aka tsare a kurkuku, har aka kama ta aka ƙona ta da ranta. Sai dai a ranar da aka ƙona ta ne ake bikin haihuwar Annabi Isa, don haka ba ta da ko kusurwa a ranarta. Inna Nasta ta tsufa a gidan tana yi wa kowa tafi, ita ba a taɓa kiran sunanta ba. Kuma ranar ce aiki ya fi yi mata yawa, don bayan mes ana ciyar da duk mutanen ƙauye da suka zo. A shekarar da nake ba ku labari idanunta sun fara dushewa, ta ƙona rigar Monper da dutsen guga har sau biyu, aka shirya cewa da an shiga sabuwar shekara za ta koma ƙauye wurin ƙanenta. Wannan Nowel ɗin ita ce ta ƙarshe gare ta a gidan.

Ku da ba ku ga lokacin ba, ba za ku gane yadda gari ya koma ba. Watanni aka yi rediyo na kawo mana taron Yamai kai tsaye, har mai sayar da tsire ya iya ɗaga hannu ya ce yana da mosiyo, wato yana so a tsaya a saurare shi. Kowa ya zama kamarad. 'Yan lakwal, wato 'yan makaranta, na yaji, malamansu na yaji, masu amalanke sun kafa sandika, wato ƙungiyar ma'aikata. Monper ɗinmu, wani dattijon Bature mai sauƙin kai wanda ya iya Hausar littafi, shi ma zazzaɓin ya taɓa shi. Ya ce daga yanzu kowane wata ma'aikata za su zauna da shi a ƙarƙashin mangwaro, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Ba mu da yawa. Akwai ni da Inna Nasta, da mai gadi, da mai lambu, da malamin da ke koyar da masu shiga addini, sai Tarsis direba. Shi Tarsis ɗan bakin teku ne da ya girma a Sabon Gari, ga iya tuƙi ga iya baki. Tun da aka fara taron Yamai ya daina cewa ina kwana sai ya haɗa da kalmar Faransanci. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban alƙali. Mutum ne dai da Allah ya yi shi shugaba, aka rasa waɗanda zai shugabanta.

A zaman farkon watan Disamba, bayan mai lambu ya gama ƙorafin tiyo, sai Inna Nasta ta ɗaga hannu. Duk muka juya, don ba ta taɓa magana a zaman ba.

Ta ce, "Monper, ni abu guda nika roƙo. Tunda tahiya za ni yi, ina so bana in zamna gaba, a hwaɗi labarin mai sunana, a kira ni in tashi tsaye kamar kowa. Sau guda dai. In babu hali, babu komi."

Monper ya cire tabarau ya dafe goshi. Na ga kunya ta kama shi sosai. Ya ce, "Inna, laifina ne, ya kamata in lura tun tuni. An ba ki. Ranar Nowel ba za ki yi aiki ba, kuma zan ba da tarihin Anastasi a ƙarshen mes."

Da a nan aka tashi, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma sai Tarsis ya miƙe ya ce yana da mosiyo. Ya ce a gafarce shi, amma wannan ba matsalar mutum ɗaya ba ce, matsalar tsari ce. Shi kansa waliyyinsa yaro ne da aka kashe saboda addini, amma ranarsa ta faɗa sha biyar ga Agusta, ranar babban bikin Maryamu, kuma ba a taɓa ambatarsa ba. Na tuna masa cewa duk shekara washegari yake hutunsa, kuma gatonsa bai taɓa wuce shi ba. Ya ce, "Kamarad kuku, gaton washegari sadaka ce, ba hakki ba." Ya juya wurin Monper ya ce zamanin da mai mulki zai yi wa talaka kyauta da abin da dama nasa ne ya wuce. Ma'aikata za su je su yi shawara su kawo amsa.

Da la'asar aka yi shawarar a garejin mota, aka kafa ƙungiyar ma'aikatan da manyan bukukuwa suka danne wa waliyyai. Na ce mu uku nan Musulmi ne, wane waliyyi aka danne mana? Mai gadi ya ce shi ranar babbar salla aka haife shi, kuma ba a taɓa yanka ko zakara da sunansa ba, ragon Layya ake nuna masa. Aka yi masa tafi. Daga nan aka shiga zaɓen biro, wato shugabanni. Tarsis ya zama shugaba. Malamin addini ya zama sakatare, don shi ya iya rubutu. Mai gadi ya samu mataimakin shugaba, mai lambu ma'aji, ko da yake babu abin ajiyewa. Ni aka ba ni sakataren walwala, na tambayi aikinsa aka ce shi ke ciyar da 'yan gwagwarmaya. Inna Nasta tana zaune kan tayar mota tana murmushi. Aka ce mata wane muƙami take so, ta ce ita ba ta iya komai ba sai wanki. Tarsis ya ce hakan ma ya fi, don kowace ƙungiya tana bukatar talakawa, kuma ita ce tushen tafiyar.

Bukatun da aka kai wa Monper uku ne. A ba Inna ranarta, a ba kowane ma'aikaci rana ko yana da waliyyi ko ba shi da shi, sannan a ɗaga darajar Anastasi da Tarsis ta yi daidai da bukukuwan da suka danne su. Monper ya ce na farko ya riga ya bayar, na biyu ma ya amince. Na uku kuwa ba shi da iko, ko bishop ba shi da iko, magana ce ta Roma. Tarsis ya dawo ya shaida mana cewa tattaunawa ta rushe, masu mulki sun fake da ƙasar waje. Aka sa ranar yajin aiki, aka zaɓi ranar Nowel don a nan zai fi zafi.

Na sami Inna a wurin shanya na ce mata, "Inna, ke hwa an riga an ba ki abinki. Ki rabu da mu, ki yi wankanki ki tahi ki zamna gaba."

Ta ce, "Haba Ilu. Yaran nan don ni sunka tashi. Tarsis ya ce in na amsa ni kaɗai na ci amanarsu. Ni da tsuhwana in ci amana?"

Ana jibi Nowel aka yi zaman ƙarshe a gareji. Sakatare ya tuna wa shugaba cewa yajin aiki na ƙa'ida ba ya yiwuwa sai an bar wanda zai riƙe ayyukan da ba sa jira, abin da suke kira sarbis minimom. Haka ake yi a asibiti, haka ake yi a gidan ruwa, kuma mu ba 'yan tasha ba ne da za mu yi abu ba bisa doka ba. Tarsis ya yaba masa. Aka shiga neman wanda za a bari. Shugaba ba zai yiwu ba, shi ne fuskar gwagwarmaya. Mataimaki dole ya tsaya kusa da shugaba. Sakatare zai rubuta abin da ya faru, ma'aji kuma ba a raba shi da biro. Ni ina da tukunyar 'yan yaji. Sakatare ya duba hagu ya duba dama ya ce bisa tsari, ɗan biro ba ya yin sarbis minimom, sai talakan ƙungiya. Talakan ƙungiya kuwa mutum ɗaya ne.

Raina ya ɓaci, na ɗaga hannu na ce wannan wace irin hauka ce, matar da ake yajin don ta huta ita za a bar wa aikin gida duka? Tarsis ya ce maganata tana da ma'ana, amma an riga an wuce wannan babin, in kawo ta a zama na gaba. Aka kaɗa ƙuri'a. Duk suka ɗaga hannu ban da ni. Ita ma Inna da ta ga hannuwa a sama sai ta ɗaga nata, don kada a ce ta ware.

Na kai wa Monper maganar. Ya kira Tarsis ya roƙe shi, Tarsis ya ce hukuma ba ta tsoma baki cikin harkar sandika. Monper ya ce wa Inna ta bar aikin, ko ba a ci abinci ba ba komai. Ta ce masa mutane za su taso tun daga bayan Tibiri da 'ya'yansu a cikin sanyin nan, ba za ta zauna gaba ta bar su su koma da yunwa ba. Iyakar abin da ta roƙa shi ne in lokacin ya yi a aiko a kira ta.

Ranar Nowel da safe na iso na tarar ta riga ta buɗe ƙofar gida, aikin mai gadi ke nan. Ta share tsakar gida ta jawo ruwa ta cika randuna, aikin mai lambu. Ta shimfiɗa mayafan bagade, teburin addu'ar coci, ta jera kujeru. Kayan miya da Tarsis ya saba ɗaukowa da mota daga lambunan Jiratawa, mai amalanke ya sauke su a bakin titi, ita ta yi ta jidarsu a ka. 'Yan biro suna ƙarƙashin mangwaro a kan tabarma, sun jingina wani kwali da aka rubuta sunanta da manyan baƙaƙe. Duk sanda ta wuce da kwando sai su ɗaga mata hannu su ce, "Ƙarfin hali, kamarad Inna, muna tare da ke."

Ni dai na ce tukunya tukunya ce, ba ta san ta 'yan yaji da ta baƙi ba. Na haɗa girkin duka wuri ɗaya, muka shiga yi tare. Amma shinkafar mutum sama da ɗari a murhun itace ba wasa ba ce, ga naman awaki, ga miya. Kafin hantsi ya ɗaga zanenta ya yi baƙi da toka, hayaƙi ya sa idanun nan marasa lafiya suna ta zubar da ruwa. Sabon zanen da ta ɗinka don ranar yana ninke a kan taga cikin leda.

Da aka kaɗa ƙararrawa, Tarsis da sakatare suka shiga coci, don sun ce aiki suke wa yaji ba Allah ba. Madafa tana bayan cocin, ana jin komai sama-sama. Muna cikin sauke tukunya ta biyu sai na ji waƙa ta tsaya, muryar Monper ta canza. Wata mata ta leƙo da gudu ta ce ana kiran Inna, an fara. Na ce mata ta saki tukunyar ta tafi haka nan.

Ta dubi jikinta ta ce, "Da wanga zane, ranar Nowel, gaban mutane? Mai sunana ta ji kunya."

Ta wanke hannu da fuska, ta shige ɗakin ajiya da ledarta. Ga ido ba ya gani sosai, ɗaurin ɗankwali kawai ya ci lokaci. Ina tsaye a ƙofar madafa na ji Monper ya kira sunanta cikakke, Anastasi. Ya sake kira. An ce ya tsaya yana duban ƙofa har mutane suka fara waige-waige, yara suka fara kuka. Sai Tarsis ya miƙe daga layin gaba ya ce, a matsayinsa na shugaba, zai karɓa a madadinta, don tana bakin aikin ƙungiya. Mutanen ƙauye ba su san kan zance ba, sun ga dai wani ya tashi, sai suka kama waƙa da tafi. Shi kuma ya juyo yana ɗaga musu hannu biyu.

Lokacin da Inna ta fito cikin sabon zanenta, ta yi kyau ƙwarai, mutane sun fara fitowa suna tambayar inda za a zauna a ci abinci. Ta tsaya a tsakar gida. Tarsis ya taho da fara'a ya kama hannunta ya ce, "Inna, mun ci nasara. Yau an ambaci Anastasi a ranar Nowel, abin da ba a taɓa yi ba. An janye yaji." Ta ce masa madalla, Allah shi yi albarka. Ta tambaye shi me Monper ya faɗa a kan mai sunanta, ya ce gaskiya bai bi duka ba, yana shirya jawabin da zai yi. Sai ta koma ɗakin ajiya ta cire sabon zanen, ta ɗaura na tokar, muka shiga rabon abinci. Ban taɓa jin baƙin ciki a wurin aiki kamar na ranar ba, har na kasa cin abin da na dafa.

Washegari Monper ya same ta a wurin wanki, ya jawo bokiti ya kifa ya zauna, ya ba ta tarihin Anastasi tun daga farko har ƙarshe. Ina jin su daga madafa. Ta saurara hannunta cikin kumfa. Da ya gama ya ce ranar Lahadi zai maimaita a coci, ta zauna gaba a kira ta a yi mata waƙa.

Ta ce, "Na gode, Monper. Amma Lahadi ranar wani ce, kar in danne mai ita. Tawa ta wuce jiya."

Da aka shiga sabuwar shekara ƙanenta ya zo ya tafi da ita. Ba ta ga wata Nowel ɗin ba, da damina aka aiko mana ta rasu. Ƙungiya ta fitar da sanarwar ta'aziyya mai kyau, dukan 'yan biro suka sa hannu.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, gida ba ya rasa mai magana da yawun wani, abin da yake rasawa shi ne mai karɓar tukunya daga hannun wanin. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini yana fafutuka don wane, nakan tambaye shi ina wanen yake a daidai wannan lokaci, kuma me yake yi. Ku kafa ƙungiyarku, ina goyon baya. Amma in kun gama raba muƙamai, ku duba wanda ya rage ba shi da ko ɗaya. Galibi dominsa kuka taru, kuma shi za ku tura wanke-wanke.